Fuska Arba'in da Uku a Shagon Kawu

Motar ɗaukar marasa lafiya muke tara wa kuɗi. Ƙungiyar unguwarmu ta shekara huɗu tana tarawa a akwatin katako mai kwado biyu, abin da aka samu bai wuce na tayoyi ba. Da na dawo daga karatu aka ce ga wanda ya san kwamfuta, aka ɗora mini. Na yi musu fom a intanet. Ka rubuta sunanka da lambar waya, ka sa lambar katin banki, ka danna. Shi ke nan.

Shugaban ƙungiyar tsohon hedimasta ne, har yau kowa Hedimasta yake kiransa. Bai so fom ɗin ba. Ya miƙe a taro ya ce shi dai ko sisinsa ba zai shiga cikin waya ba, kuɗin da hannu bai ji nauyinsa ba, ba kuɗi ba ne. Aka rubuta maganar a littafin taro, domin shi ya ce a rubuta.

Wata bakwai fom yana aiki lafiya. Ran wata Talata da safe, kafin shayina ya huce, gudummawa har guda ɗari shida ta shigo. Kowace ɗaya ba ta isa sayen ashana ba. Na san abin tun a makaranta. Masu satar lambobin kati ne. In sun sato dubu, sai su nemi inda za su gwada wanne ke aiki, kuma babu wuri mai sauƙi kamar fom ɗin taimako, inda ba a tambayar kowa komai sai godiya. Kafin rana ta yi tsaka kamfanin da ke karɓar mana kuɗin ya aiko da wasiƙa: ko mu riƙa tantance masu bayarwa, ko su rufe mu.

Na sa tantancewa. Kafin ka ba da ko nawa ne, sai ka ɗauki hoton katin shaidarka, sannan ka kalli wayar. Wata muryar mace za ta ce ka juya hagu, ka juya dama, ka ƙifta ido. In fuskarka ta yi daidai da ta katin, ka wuce.

Ɓarayin suka ɓace a rana ɗaya. Amma da sabon wata ya kama, gudummawar ta ragu da fiye da rabi. Na koma cikin tsofaffin bayanai in ga su wa suka gudu. Nan na ga abin da ya sa na ajiye kofi.

Waya ɗaya. Kati ɗaya. Suna arba'in da uku, duk na mutanen unguwa, duk a makon farko na kowane wata. Kamfanin ba ya nuna mini sunan mai kati, sai lambobi huɗu na ƙarshe, lambar wayar kuma ban san ta ba. Na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Na sha tara sunan mahaifina ne. Shekara shida da rasuwarsa, ga shi yana ba da gudummawa ranar Asabar ta farkon kowane wata, bai taɓa makara ba.

Ban nemi shawarar kowa ba. Na rubuta wa kamfanin cewa na kama wani mai wanke kuɗin sata da sunayen jama'a, har da na matattu. Suka gode mini, suka sanar da banki, aka rufe katin. Na kira taron gaggawa.

Mutum tara ne a kwamiti, muna zama a ajin makarantar firamare, kan kujerun da gwiwa ke kai wa haɓa. Kawu yana ciki, ƙanin mahaifiyata, mai shagon aski a bakin titi. Shi ke riƙe da makullin ɗaya daga cikin kwadunan akwatin nan. Tun da na dawo ban shiga shagonsa ba. Na dawo da suma mai yawa da gemu, kuma a wani wuri mai na'urar sanyi nake zuwa a gyara mini su, can cikin gari. Duk lokacin da muka gaisa, ba fuskata yake kallo ba, kaina yake kallo, kamar manomi yana kallon gonar maƙwabci da ciyawa ta cinye.

Na yi bayani da allo da alli. Na zana waya ɗaya, na ja kibiyoyi arba'in da uku. Na ce ba zan karanta sunayen ba saboda mutuncin masu su, amma biyu dole in faɗa. Na faɗi na mahaifina, aka yi salati. Sannan na juya wajen shugaba.

"Har da naka, Hedimasta. Wata bakwai yana amfani da sunanka."

Hedimasta ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce lallai abin ya yi muni. Ya ce duniya ta lalace. Ya tambaya ko ba za a bar maganar nan zuwa wani zaman ba, tunda ana zafi.

Na ce ai ba sai an jira ba, lambar ɓarawon tana hannuna. Na sa wayata a lasifika, na ɗora kan teburin malami, na kira.

Ta yi ƙara a aljihun Kawu.

Sabuwar waya ce, babba, 'yarsa ta saya masa. Ni lambar tsohuwar ƙaramar wayarsa nake da ita. Ya ciro ta, ya duba, ya ɗauka, ya kara a kunne, duk da ina tsaye taku uku daga gare shi.

"Ina jin ka," in ji shi.

Muryarsa ta fito ta lasifikar da ke kan tebur. Na tambaye shi ko yana da abin cewa. Ya ce babu. Ya ciro makullin akwati ya ajiye kusa da wayata, ya yi wa kowa sallama, ya fita.

Kafin dare labari ya gama unguwa. Da safe an ƙara masa gishiri: wai Kawu yana da kati ɗari, wai har gida ya saya a wani gari. Shagon da ba ka samun wurin zama ranar Asabar ya zama kango. Na wuce sau biyu a mota. Yana zaune kan kujerar aski shi kaɗai, yana goge almakashin da bai yanki komai ba.

Inna, mahaifiyata, ta yi fushi da ni kwana biyu. Ta riƙa ajiye mini abinci kamar ana ajiye wa ɗan haya. A rana ta uku ta zauna gabana ta tambaye ni nawa ne gudummawar da ke shiga da sunan ubana. Na faɗa. Ta tambaya ko na san nawa ake aski a shagon ƙaninta. Na ce ban sani ba. Ta ce ai ta san ban sani ba.

Kuɗin aski ne. Shekara talatin mahaifina yana zama kan kujerar Kawu ranar Asabar ta farkon wata. Da ya rasu, Inna ta ci gaba da aika kuɗin, don ta ce ba ta ga dalilin da ƙaninta zai yi asarar kwastoma saboda mutuwa ba. Kawu ya ƙi karɓa. Ta ƙi fasawa. Suka shekara biyar kuɗin yana zuwa yana dawowa a cikin ambulan ɗaya, har ya yi laushi. Da na buɗe fom, Kawu ya ce an samu inda za a kai shi.

Na ce to sauran arba'in da biyun fa.

Ta ce mutanen da ba su da kati ne, ko suna da shi ba su iya danne-danne ba. Sai su ba Kawu a hannu yana cikin yi musu aski, shi ya tura da katinsa. Fom ɗina ya ce a rubuta sunan mai bayarwa, shi kuma ba zai rubuta nasa a kan kuɗin wani ba. Da na sa tantancewa, wayar ta nemi fuskoki arba'in da uku, shi kuwa ɗaya gare shi, sai ya dakata, yana adana kuɗin mutane a gwangwanin hoda har ya ga yadda za a yi.

Na tambaya me ya sa bai faɗa a taro ba, me kuma ya sa ko ɗaya daga cikinsu bai fito ya wanke shi ba.

"Kowannensu ya roƙe shi kada ya faɗa," in ji ta. "Kowa kuma yana tsammanin shi kaɗai ne. Wannan ya ce wa 'ya'yansa ba shi da ko sisi. Wancan ya ce wa ƙaninsa kasuwa ta mutu. Kai da ka yi karatu, ka taɓa jin mai aski ya faɗi abin da ya gani a ƙeyar mutum?"

Na rubuta wa kamfanin cewa na yi kuskure. Suka amsa cikin ladabi cewa sun ji, amma ni da kaina na ce sunayen na bogi ne. In ina so a buɗe katin a cire sunan mai shi daga jerin 'yan damfara, sai kowane mai suna ya tantance kansa da fuskarsa, kafin Litinin. In Litinin ta wuce, maganar ta bar hannunsu ta koma na hukuma.

Na je shagon ranar Alhamis. Kawu ya amsa gaisuwata yana kallon madubi. Na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai. Na ce ina bukatar ya kira mutanen. Ya ce waɗanne mutane. Na ce arba'in da biyun. Ya ce shi bai san wasu arba'in da biyu ba, shi aski yake yi. Na ce za a iya kai shi kotu. Ya ce to a kai shi, ko alƙali ma yana da suma.

Sai na bi su da kaina. Kwana biyu ina ƙwanƙwasa ƙofofi da jerin sunaye a aljihu. Kowa na samu, sai ya ja ni gefe ya duba hagu da dama. Na gaya wa kowa abu ɗaya: minti biyu ne, babu wanda zai sani, a shagon Kawu za a yi tunda ba kowa a ciki yanzu. Na ba kowa lokacinsa daban, minti goma sha biyar tsakani, daga bakwai na safe zuwa yamma. Na rubuta a takarda na miƙa. Na yi alfahari da jadawalin nan. Har kala na sa masa.

Abin da ban lissafa ba shi ne, duk wanda yake so ya ɓuya, da sassafe yake fitowa.

Ranar Asabar ƙarfe bakwai saura na iso da kwamfuta. Na tarar da mutum sun fi talatin a ƙofar shago, kowa yana kallon wani wuri daban. Tela yana karanta allon farashi kamar jarida. Tsohon direban bas yana duba tayar keken da ba nasa ba. Mai gyaran rediyo ya ce wa na kusa da shi aski ya zo yi, alhali rabon kansa da gashi ya fi shekara goma. Mata huɗu suna gefe, kowacce ta ce mijinta ta zo nema. Ɗaya daga cikinsu ba ta taɓa aure ba.

Kawu ya zo ya buɗe ƙofa. Ya dube su, ya dube ni. Ya kunna fitila ya kakkaɓe tawul.

Tsohon direba ne ya fara zama, domin ya ce shi yana da abin yi. Na ɗauki hoton katin shaidarsa, na riƙe masa waya. Muryar ta ce ya juya hagu. Ya ce wace ce wannan. Na ce na'ura ce. Ya ce shekara arba'in yana tuƙi, ko ɗan sanda bai taɓa ce masa juya hagu ba gaisuwa ba. Ta sake cewa ya juya hagu. Ya juya dama don ta san da wa take magana. Aka ƙi shi.

Na gwada da tela. Shi ya juya gaba ɗaya har ya ba wayar baya. Na gwada da mai rediyo, ya ƙifta ido tun kafin a tambaye shi, ya kuma ƙi dainawa. Minti arba'in, ko mutum ɗaya bai wuce ba. Gumi ya jiƙa mini riga.

Kawu ya ajiye almakashi. Ya zo bayan kujera ya yafa wa direba tawul, ya ɗora yatsu biyu a ƙeyarsa. Muryar ta ce hagu, yatsun suka matsa kaɗan, kan ya tafi hagu. Ta ce dama, ya tafi dama. Ta ce ƙifta ido, Kawu ya hura masa iska a fuska kamar yana kore guntun gashi. Mutanen da ba sa jin maganar matansu, ba sa jin ta likita, shekara talatin suna bin yatsun nan biyu ba gardama.

Duk da haka na'urar ta ce fuskar ba ta yi daidai da ta kati ba.

Na duba katin. Mutumin da ke ciki ba shi da gemu, kumatunsa a cike. Wanda ke kan kujera gemunsa ya kai ƙirji. Na ce sai dai a rubuta wa kamfani. Kawu ya karɓi katin, ya jingina shi jikin madubi, ya daɗe yana kallo.

"Ni na yi masa wannan askin," ya ce. "Ranar da zai je ɗaukar hoton."

Ya ɗauko reza. Direba ya ce ba a yi haka da shi ba. Kawu ya tambaye shi a hankali ko yana so a bar maganar ta tafi kotu, a kira shi shaida, a karanta abin da yake bayarwa duk wata a gaban 'ya'yansa. Direba ya rufe ido ya ɗaga haɓa.

Minti shida, aka cire wa mutumin shekara goma sha biyar. Na'urar ta yi ƙara ta nuna kore. Shagon ya ɗauki tafi, sannan kowa ya tuna cewa shi aski kawai ya zo yi, aka sauke hannu.

Haka muka wuni. Kati a jikin madubi, Kawu yana mayar da kowa yadda hukuma ta san shi. Wani a rage gemu, wani a fito masa da gashin baki, wani a tsaga masa layi a gefe irin na zamanin da. Mai rediyo ne ya ba mu wahala, domin a katinsa yana da suma. Kawu ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. A gwaji na biyar na'urar ta haƙura ta karɓe shi. Wajen sha ɗaya kunya ta ƙare. Tela ya gane cewa direba ya fi shi bayarwa, ya ce daga wata mai zuwa za a gani. Direba ya ce a kawo, shi dai ya riga ya ba da gemu.

Hedimasta ya zo da rana tsaka, lokacin da na rubuta masa daidai. Shi kaɗai ya bi jadawalin. Ya tsaya a ƙofa ya ga jama'a, ya ce ya zo duba yadda aiki ke tafiya ne a matsayinsa na shugaba. Kawu ya kakkaɓe kujera ya tsaya yana jira. Tela ya tambaya, ba tare da ya kalli kowa ba, ko an zo da littafin taro.

Hedimasta ya zauna. Ya ce yana so a fahimci cewa shi a hannu ya ba da kuɗinsa, ya ji nauyinsa, abin da ya faru da shi bayan nan ba ruwansa. Sannan ya kalli madubi ya ce wa Kawu, da muryar da duk shagon ya ji, shi da kansa ya kamata ya yi magana ranar taron nan bai yi ba. Kawu ya ce ya daina motsi, reza ce a hannunsa.

Saura na sha tara, sunan mahaifina. Tun Alhamis na tambayi kamfanin yadda za a yi da wanda ya rasu. Suka ce mai biya ya tantance kansa, a ƙara layi a fom na wanda aka bayar a madadinsa. Layi ɗaya. Da na sa shi tun farko, da na sa wani na mai turawa a madadin wasu, da ba a zo nan ba.

Inna ta zo da yamma. Ta zauna kan kujerar da mijinta ya shekara talatin yana zama, ta riƙe jaka a cinya. Ta juya hagu, ta juya dama, ba ta bukaci yatsun kowa ba. Muryar ta ce ta ƙifta ido. Ta tsura wa wayar ido. Muryar ta maimaita.

"Ki yi haƙuri, 'yar nan," in ji Inna. "Uban yaron nan kaɗai na taɓa ƙifta wa ido."

Kawu ya yi dariya, karo na farko a mako. Ita ma ta yi, idonta ya rufe, na'urar ta nuna kore.

Na tura komai kafin rana ta faɗi. Na naɗe wayar caji, na rufe kwamfuta, na sake ba Kawu haƙuri a gaban waɗanda suka rage. Yana share gashin mutum arba'in, ya tara shi tuli a lungu. Ya jingina tsintsiya, ya kakkaɓe tawul, ya nuna mini kujera da haɓa.

Na ce a ɗan rage gefe kawai. Ya ce to.

Bai bar komai ba. Suma, gemu, gashin baki, duk suka bi na direba. Na ga kunnuwana a madubi, rabona da su shekara takwas. Na miƙa kuɗi ya karɓa, ya ƙirga, ya ce ban cika ba, farashi yana jikin allo.

Ranar Litinin da safe saƙo ya shigo cewa kamfani ya yanke hukunci, in shiga shafin mai kula in gani. Shafin ma na sa masa tantancewa, don kada a ce na ware kaina. Na juya hagu, na juya dama, na ƙifta ido. Aka ce fuskar ba ta yi daidai da ta kati ba. Na gwada sau uku, aka kulle ni.

Na tafi shagon. Benci a cike, biyu suna tsaye a waje. Makullin akwati yana rataye a ƙusa kusa da madubi, Hedimasta ya kawo da kansa. Kawu yana kan wani kai, bai juyo ba. Ya ce banki sun aiko masa saƙo tun ƙarfe takwas, an buɗe katin, har da ban haƙuri. Na ce madalla. Na ce ni kuma an kulle ni, na'urar ta ce ba ni ba ne.

Ya miƙo hannu na ba shi katina. Ya jingina shi jikin madubi, ya kalli sumar da ke ciki, ya kalli kaina.

"Wannan ba aikina ba ne," ya ce. "Ka koma wajen masu na'urar sanyi su mayar maka."

Ya miƙo mini katin, ya ce in matsa, ina tare masa haske.